Gashin Nama a Tsakar Gida Lokacin Bazara

 

Ɗan'uwa mai karatu, Hausawa sun ce mai nama shi ke neman wuta. To, amma ba su ce kowace irin wuta ba, ba su kuma ce ya yi ta jan ƙafa wajen nemanta ba. A kan waɗannan abubuwa biyu nake so mu tattauna yau, wato irin wutar da ta dace da nama, da kuma iyakar lokacin da nama ke iya jira, musamman da bazara, sa'ad da rana ke dukan ƙasa har mutum ba ya iya taka tsakar gida ba takalmi.

Dalilin da ya sa na ga maganar ta zo kan gaɓa shi ne, a yawancin gidajenmu ba a gasa nama mai yawa sai da Babbar Sallah, ko ranar suna. Ita kuwa Sallah ja da baya take yi da kwana 10 ko 11 kowace shekara a lissafin watannin bature. A 2024 an yi ta ranar 16 ga Yuni a Nijeriya, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni. A lissafi, daga 2029 zuwa 2031 cikin watan Afrilu za ta faɗo, in Allah ya kai mu. Iyaye za su tuna haka aka yi a 1996 da 1997 da 1998. Kowa kuwa ya san Afrilu a Sakkwato da Maiduguri da Kano da Maraɗi da Damagaram, zafi kan haura digiri 40 da rana tsaka. Ke nan ku da kuke aji yanzu, ku ne za ku riƙe wuƙa da mafici a waɗannan shekarun. Gara ku fara sani tun da wuri.

Ni dai abin da na sani game da gashi a wurin kawuna na koya, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana tsire a bakin tasha. Duk hutun makaranta nakan je in taya shi. Aikina wanke tsinke, da fifita wuta, da yanka albasa. Bai yi boko ba, bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba, amma da na girma na karanta abin da masana lafiya ke faɗi, sai na tarar kusan duk abin da yake yi ya zo daidai da nasu. Sana'ar kuwa ba ƙarama ba ce. Mutanen kudancin Nijeriya suna kiran tsire suya, a Gana ana ce masa cicinga, a Sudan kuma agashe, kuma duk inda ka bi sawun abin za ka tarar da hannun Bahaushe a ciki.

Bari mu fara da lokaci, domin shi ne mutane suka fi rainawa. Nama daga an yanka shi ƙwayoyin cuta ke sauka a kansa, daga wuƙa, daga hannu, daga ƙasa, daga ƙuda. Ido ba ya ganinsu. Sun fi yaɗuwa in zafin naman yana tsakanin digiri 5 da digiri 60, wato bai yi sanyin firiji ba, bai kuma yi zafin wuta ba. A irin wannan hali wasunsu kan rabu biyu duk bayan minti 20. Masu son lissafi su ɗauki fensir su gwada: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, cikin awa 2 sun kai 64, cikin awa 7 sun haura miliyan 2. Daga ƙwaya ɗaya tak ke nan fa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idoji biyar na tsabtar abinci da ta fitar a 2001, ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ma cewa ta yi in zafin gari ya wuce digiri 32, to awa 1 ce. Mu kuwa da bazara ai tun da hantsi ake kai digiri 32.

Saboda haka ƙa'idar farko ita ce, wuta ta jira nama, kada nama ya jira wuta. Ka tanadi gawayi da tsinke da yaji da faranti tun jiya. Kayan ciki, wato hanta da ƙoda da tumbi da hanji, su suka fi saurin lalacewa, don haka su ne na farko a kan wuta ko a tukunya. Sauran jikin dabbar in za a rataye shi ya sha iska kamar yadda aka saba, a rataye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a buɗe cikinsa, a yafa masa tsohon gidan sauro wankakke saboda ƙuda. Kada a yayyanka shi a tara a baho, kada kuma a ƙulle shi a leda. Cinya guda wadda bayanta ya bushe ta fi jure zafi a kan wadda aka yi gunduwa-gunduwa da ita, domin duk inda wuƙa ta ratsa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta sabuwar ƙofa. Abin da za ka gasa yanzu shi kaɗai za ka yanko.

Sai wurin da za a kafa wuta. Da bazara komai a bushe yake: zana, danga, bunun rumfa, harawar dabbobi, igiyar shanya. Tartsatsi ɗaya ya isa. Ka ba wuta tazarar mita 3 daga duk waɗannan, wato kamar taku huɗu na babban mutum. Ka duba ta ina iska ke zuwa, kada hayaƙi ya shiga ɗakin tsoho ko na mai jego. Ka ajiye bokitin ruwa da kwanon yashi kusa da kai. In kitse ya kama da wuta, yashi ko toka za ka zuba, domin ruwa fantsama shi yake yi. Lokacin da ya fi daɗin aiki shi ne da hantsi kafin rana ta take, ko da la'asar sakaliya. Mai gashi kuma ya riƙa shan ruwa, domin ga zafin sama ga na ƙasa.

Gawayi ma ba duka ɗaya ba ne. Mai kyau yana da nauyi a hannu, in ka buga guda biyu za ka ji ƙara kamar ta ƙarfe. Na ƙirya shi ne sarki, shi maƙera ke nema saboda yana daɗewa yana ci, na marke ma yana da kyau. Wanda za ka guje wa shi ne katako mai fenti, da guntayen tsohuwar kujera, da itacen tumfafiya ko tinya, masu farin ruwan nan mai dafi. Wayar da za a ɗora nama ma a duba ta. Ta cikin tsohon firiji da ta kejin kaji wasunsu an shafa musu sinadarin hana tsatsa wanda ba don wuta aka yi shi ba. A nemi wayar gashi ta sosai, a ƙona ta a kankare, a shafa mata man gyaɗa da rabin albasa don kada nama ya manne.

Wajen hura wuta kuwa ina roƙon iyayenmu mata da 'yan'uwa ɗalibai, don Allah a bar ɗabi'ar nan ta kunna gawayi da leda ko guntun silifa. Hayaƙinsu guba ne, warinsu kuma yana shiga nama. Kananzir ma haka. Fetur kuwa ba a ma maganarsa, domin wuta kan bi tururinsa ta hau har cikin galan ɗin da ke hannun mutum. Ɗan kara, ko busasshen ɓawon gyaɗa, ko takarda da aka ɗiga wa man gyaɗa, ka tara gawayi a kai kamar ɗan tudu, ka yi ta fifita, ya wadatar.

Yanzu mun zo kan wutar kanta. Tukubar kawuna tudun toka ce da ƙasa, wuta a tsakiya, tsire a kafe kewaye da ita ya ɗan karkata. Ko tsinke ɗaya ba ya kan wutar. Wata rana mutane sun yi layi, na ce masa, "Kawu, me zai hana a ɗora a kai a huta? Ga mutane suna jira." Ya ce, "Ɗana, wanda ya jira ya ci mai daɗi gobe ma zai dawo. Harshen wuta lasa yake yi, garwashi ke shiga ciki." Haka abin yake. Harshen wuta yakan ƙona bayan nama ya yi baƙi, cikinsa kuwa ɗanye shar. Wanda ya taɓa yin Sallah a Yamai ko Damagaram ya ga wannan hikima da girmanta: a baje rago a kan sanduna, a jera su kewaye da babbar wuta, su yi sa'o'i suna gasuwa da hucinta kawai.

To a gida yaya za ka yi? Ka jira kamar minti 20 zuwa 30 bayan gawayi ya kama, har harshen ya kwanta, farar toka ta rufe garwashin. Sa'an nan ka tura mafi yawansa gefe ɗaya, ka bar kaɗan a ɗaya gefen. Ka sami wuta biyu ke nan a murhu ɗaya, mai ƙarfi da mai sauƙi. A mai ƙarfin za ka fara ɗora nama ya yi ja, sa'an nan ka mayar da shi mai sauƙin ya ƙarasa nuna a hankali. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi, sai ka janye naman gefe har ta lafa. Babba yakan iya gwada zafin da tafin hannu, ya riƙe shi kamar taƙi ɗaya sama da waya. In ya kasa kai ƙidaya uku, wutar ta yi yawa. In ya kai biyar ko shida, ta yi daidai. Wannan gwaji ba na yara ba ne.

Tsire tsoka yake so marar jijiya, kamar ta cinya ko ta gadon baya. A fere ta fale-fale, kada kaurinta ya wuce na ɗan ƙaramin yatsa, a kuma yanka ta a gicciye, ba a bin tsawon zaren naman ba, don ta yi taushi. In dabbar tsohuwa ce, a murza ganyen gwanda a naɗe naman a ciki na ɗan lokaci a wuri mai sanyi, domin akwai sinadari a cikin gwanda mai sassauta tsoka. Tsinke a jiƙa shi a ruwa kamar rabin awa don kada ya ƙone. Yajin da nake haɗawa a gidana shi ne garin ƙuli gwangwanin madara 2, garin citta cokali 2, barkono cokali 1, sai ɗan masoro da kanumfari da kimba da gishiri. A shinshina ƙulin kafin a daka, wanda ya yi fumfuna a zubar, domin dafin fumfunar gyaɗa hanta yake taɓawa. A tuna kuma ƙuli yana saurin ƙonewa ya yi ɗaci, shi ya sa tsire ba ya son wuta mai ƙarfi. A riƙa ɗiga masa man gyaɗa ana juyawa.

Balangu ya fi sauƙi. Gishiri da ɗan citta sun ishe shi, yaji sai bayan an sauke. Haƙarƙari da karfata suna son wuta mai sauƙi da dogon lokaci. Kada ka yi ta soka masa wuƙa kana juyawa, romon da ke sa shi daɗi ne ke tsiyayewa. In ka sauke, ka bar shi ya huta kamar minti 5 kafin ka yanka. Wurin da ya ƙone ya yi baƙi ƙirin kuma a kankare a yar.

Kaza ita ta fi yaudara. A tsaga ta ta baya a baje, a fara ɗora ɓangaren ƙashi a kan wuta. In daga firiza ta fito, sai ƙanƙarar ta narke sarai, in ba haka ba bayanta zai nuna cikinta yana da sanyi. Masana sun ce zafin cikin nama ya kai digiri 70. Mu da ba mu da ma'auni, sai a tsaga wurin da ya fi kauri, a kaza wato gaɓar cinya kusa da ƙashi. In ruwan da ya fito fari ne garau, ta nuna. In da ja-ja ko kaɗan, a mayar. Naman shanu wanda bai nuna ba kuwa, ta nan ake kamuwa da tsila.

Akwai wani kuskure da na sha gani har a gidajen masu tsabta. A kawo ɗanyen nama a faranti, a gasa shi sarai, sa'an nan a sauke shi a kan farantin nan dai, cikin jinin da ya kwanta. Duk abin da wuta ta kashe an mayar da shi ke nan. Kawuna tire biyu gare shi, wuƙa biyu, yaji ma kwano biyu: wanda ake birkiɗa ɗanyen nama a ciki daban, wanda ake barbaɗawa a kan gasasshe daban. Ku yi haka a gida. Wanda ya taɓa ɗanyen nama ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa albasa da tumatir da kabejin da za a ci ɗanye. Gasasshen nama kuma a rufe shi da faifai saboda ƙuda.

Bayan an sauke, lissafin lokacin nan ya sake tashi daga farko. Ina tuna wata Sallah da aka yi cikin zafi, a wani gida a unguwarmu aka gasa nama mai yawa da yamma, aka zuba shi da ɗuminsa a bokiti mai murfi aka tura ƙarƙashin gado don kada yara su yi ta ɗiba. Washegari aka ɗan ɗumama aka raba. Kafin azahar yaran gidan suna ta amai da gudawa, ƙaramarsu sai da aka kwantar da ita aka yi mata ƙarin ruwa. Allah ya kiyaye ta tashi. Mutanen gidan suka yi ta mamaki, wai ai naman bai yi wari ba, kuma an mayar da shi wuta. Abin da ba su sani ba shi ne, nama kan ɗauki cuta tun bai fara wari ba, kuma wasu ƙwayoyin kan bar dafi a cikinsa wanda ɗumame ba ya kashewa.

Don haka a gasa abin da za a iya cinyewa. Wanda ya rage, in akwai firiji a sa shi da wuri cikin ƙananan mazubai. In an ɗauke wuta, firijin da ba a buɗewa yakan riƙe sanyinsa kamar awa 4 ne, kada a dogara da shi fiye da haka. In babu, to iyayenmu sun riga sun nuna mana hanya: a soya shi ƙayau har ruwan ya ƙone, ko a yi banda a kan wuta mai sauƙi har ya bushe, ko a yi dambu. A nan ne ma bazara ke da ranarta, domin zafin rana da busasshiyar iska su ne abokan kilishi. A fere nama kamar takarda, a shanya a sama inda ƙura da ƙuda ba za su kai ba, ya bushe, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna masa garwashi kaɗan. Ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa inda babu danshi. In kuwa tsautsayi ya sa wani ya fara gudawa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: tafasasshen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In yaro ne kuma ya fara galabaita, a tafi asibiti ba jira.

Saura maganar tsaron rai, ita ma ba ta wasa ba ce. Ƙarshen bazara lokacin guguwa ne da hadarin farko. In iska ta taso ana cikin gashi, wasu sukan ja murhu su shiga ɗaki su rufe ƙofa. Kada a kuskura. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri da jin barci, mutum ya kwanta bai tashi ba. Gara a kashe wutar a ƙarasa naman a tukunya. 'Yan mata kuma masu hijabi da mayafi, musamman na yadin roba, ku tattare su ku ɗaure kafin ku matso kusa da wuta. In tufafi ya kama, kada a ruga da gudu, a kwanta a yi birgima, na kusa ya lulluɓa wa mutum bargo. In an ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi har minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja, ban da ƙanƙara. Da an gama aiki kuma a kashe garwashi da ruwa ko a binne shi da yashi, domin yakan kwana da rai a ƙarƙashin toka, ƙannenku kuwa ba takalmi suke yawo da safe.

Ku ɗalibai, kada ku ce wannan duk aikin manya ne. Ku ne masu ɗebo ruwa da yashi, ku ne masu jiƙa tsinke, masu korar ƙuda, masu riƙe ƙanne kada su matso. Wanda ya ga an ɗauko farantin ɗanyen nama za a sauke gasasshe a kai, ya ce cikin ladabi, "Baba, ga wani wankakke nan." Wanda ya ga Inna za ta kunna gawayi da leda, ya ruga ya kawo mata kara. Rigakafi dai ya fi magani.

Daga ƙarshe, ɗan'uwa mai karatu, ƙanshin gashi ba ya sanin katanga. Duk sa'ad da ka hura wuta a tsakar gidanka, yaran maƙwabta sun ji, kuma ba kowane gida ne ya sami yankawa ba. Saboda haka kason farko da ya sauka, tun yana turiri, a zuba a kwano a rufe a ba yaro ya miƙa. A cikin duk dabarun ajiya da na lissafa babu wadda ta kai wannan, domin naman da ya shiga cikin maƙwabci zafin bazara ba ya ɓata shi.

Allah ya ba mu lafiya da abin yankawa, ya kare mu daga gobara da cuta, ya sa albarka a cikin abin da za mu ci.